Tsakanin Kwantum da Kasafin Kuɗi: Amsa ga Uban da Ɗansa Ke Son Zurfafa Bincike

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kumasi, ina zaune a Aboabo, kayan gyaran mota nake sayarwa a Magazin, unguwar masu gyaran mota. Ɗana na fari ya gama digirinsa na farko a fiziks, yanzu ya ce zai ci gaba da bincike a kan wani abu da yake kira kwantum. Na ce masa ya koma tattalin arziki, ko ba komai zai samu aiki a banki ko a ma'aikatar gwamnati. Ya ce mini fannonin ba su da nisa da juna kamar yadda nake zato. Shin gaskiya ne? Kuma ƙasar da bashi ya yi wa katutu kamar tamu, mece ce hujjarta ta kashe kuɗi a kan binciken abin da ido ba ya gani? Ina so in sa masa albarka da zuciya ɗaya, amma sai na fahimta."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya raya maka shi, ya sa ka ci moriyarsa. Na ji daɗin yadda ka nemi fahimta kafin ka yanke hukunci, domin a shekarun da na yi ina koyar da fiziks a jami'a na ga yara masu ƙwazo da aka juya musu akala ba tare da an tambaye su komai ba, na kuma ga waɗanda aka sake su suka afka karatun da ba su san inda zai kai su ba. A fahimtata abubuwa uku kake son sani: mene ne wannan ilmi, shin da gaske yana da dangantaka da tattalin arziki, sannan da wane dalili gwamnatin da ke fama da biyan albashi za ta ware masa kuɗi. Ta ukun ce ta fi nauyi, kuma ita ce masana da kansu suka daɗe suna jayayya a kanta.

Abin da yaron yake son karantawa

Kwantum suna ne na dokokin da mafi ƙanƙantar abubuwa suke bi, wato ƙwayar zarra da ilaktiron da ke kewaya cikinta da kuma haske. Tushen maganar shi ne cewa a wannan ƙaramar duniya ƙarfi ba ya hawa ko sauka a hankali kamar mai tafiya a gangare. Yana tafiya ne mataki-mataki kamar mai hawa bene, ko dai ƙafarsa tana kan wannan matakala ko tana kan ta gaba, babu tsayawa a tsakani. Wani Bajamushe mai suna Max Planck ne ya fara kawo wannan tunani a 1900 domin ya warware matsalar hasken da abu mai zafi ke fitarwa. Einstein ya ɗora a kai a 1905, Niels Bohr ya yi amfani da shi wajen bayyana tsarin ƙwayar zarra a 1913, sannan Heisenberg a 1925 da Schrödinger a 1926 suka shimfiɗa cikakken lissafinsa. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi wannan aiki da niyyar ƙera abin sayarwa.

To amma ka dubi kantocin shagonka. Akwatin kwamfutar mota da masu gyara ke zuwa nema wurinka cike yake da tiransista, wato 'yan ƙananan makunnai da ke buɗe wa lantarki hanya su kuma rufe, ita kuwa tiransista an ƙirƙiro ta ne a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a 1947, kuma waɗanda suka yi ta ba za su iya ba in da ba su san yadda ilaktiron ke ratsa wasu irin duwatsu bisa wancan lissafi na 1925 da 1926 ba. Fitilun mota farare na zamani da ba sa cin batir, daga nan suka fito. Hasken leza da ke ɗauke da saƙonninmu ta igiyoyin gilashi da ke ƙarƙashin teku har su sauka a gaɓar Akra, Einstein ne ya bayyana asalin dokarsa a 1917, amma ba a kunna na farko ba sai 1960, wato bayan shekara 43. Adireshin gidanka na GhanaPost GPS ma ya dogara ne da agogon zarra da ke cikin taurarin ɗan'adam. Tun 1967 duniya ta amince cewa daƙiƙa ɗaya ita ce kaɗawa 9,192,631,770 ta wani haske da ƙwayar sinadarin siziyom ke fitarwa, kuma idan agogon tauraro ya yi kuskuren kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, lissafin nisa zai kauce da kimanin santimita 30. Saboda haka abin da ido ba ya gani ɗin, kai ma da shi kake ciniki kullum.

Abin da ake yayi yanzu shi ne zango na biyu na wannan ilmi, inda ake ƙoƙarin sarrafa ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya domin a gina sabuwar irin kwamfuta da na'urorin awo masu tsananin kaifi. A 1994 wani masanin lissafi mai suna Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum mai cikakken ƙarfi za ta iya ɓalle irin makullin sirrin da ke kare bankuna da hada-hadar intanet. Har yanzu ba a gina mai wannan ƙarfi ba, kuma a ganina surutun da kamfanoni ke yi ya zarce abin da na'urorin suka iya a yau. Duk da haka barazanar ta isa ta sa hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar da sababbin makullai a watan Agusta na 2024 waɗanda ake sa ran za su jure. Ko ba jima ko ba daɗe bankunanmu da kamfanonin MoMo masu tura kuɗi ta waya za su sauya zuwa irinsu, kuma a ranar za a nemi ɗan ƙasa da ya san abin da ake sauyawa da dalilin sauya shi.

Inda ɗanka ya yi gaskiya, da inda ya zarce

Da ya ce fannonin ba su da nisa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Lissafin da suke amfani da shi yana kama da juna ƙwarai. A shekarar da Planck ya kawo tunaninsa, wato 1900, wani ɗalibi Bafaranshe mai suna Louis Bachelier ya rubuta lissafin yadda farashi ke yawo sama da ƙasa a kasuwar hannun jari ta Faris, bayan shekara biyar kuma Einstein ya fito da lissafi irinsa domin bayyana yadda ƙura ke yawo a cikin ruwa. Shahararren ma'aunin nan na Black da Scholes na 1973, wanda manyan bankuna ke yanka farashin wasu yarjejeniyoyi da shi, idan aka sauya masa tufafi sai ya koma lissafin yaɗuwar zafi a cikin ƙarfe, wanda duk ɗalibin fiziks ya sani. Shi ya sa wanda ya ƙware a fiziks yake iya tsallakawa zuwa tattalin arziki ko aikin banki in ya yi shekara ɗaya ko biyu yana koyon fannin da tawali'u, alhali tsallakowa daga can zuwa nan ya fi wuya sosai. Wannan magana tana da muhimmanci ga shawararka, domin ƙofar bankin da kake so masa ba ta rufe don ya zurfafa a fiziks.

Inda nake ja masa kunne shi ne kada kamannin lissafi ya rufe masa ido daga bambancin abin da ake lissafawa. Ilaktiron ba ya sauraron rediyo, ba ya jin tsoro, ba ya sauya hali don ya ji an yi doka a kansa. Mutum kuwa yana yi. Mu nan mun gani da idonmu lokacin da aka fara cire harajin tura kuɗi ta waya a watan Mayu na 2022, kashi 1.5 cikin 100. An ƙiyasta abin da zai shigo bisa yawan kuɗin da mutane ke turawa kafin harajin, amma da ya fara aiki sai jama'a da yawa suka koma riƙe tsabar kuɗi ko suka nemi hanyar kaucewa, abin da ya shigo ya gaza abin da aka sa rai nesa ba kusa ba. An rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. Masanin tattalin arziki Robert Lucas ya yi wannan gargaɗi tun 1976, cewa ba a auna tasirin sabuwar doka da halin da mutane suka nuna kafin a yi ta. A Amurka ma wani kamfanin zuba jari da ke da masu lambar Nobel biyu a cikin shugabanninsa ya durƙushe a 1998, shekara ɗaya bayan an ba su lambar, saboda lissafinsu bai tanadi ranar da kowa zai ruga neman mafita a lokaci guda ba.

Dangantakar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta hanyar aiki, wato ka yi zato, ka tsara gwajin da zai iya ƙaryata zaton naka, ka auna, sannan ka karɓi abin da awo ya nuna ko da bai yi maka daɗi ba. Masana tattalin arziki sun ɗauki wannan hanya, kuma ɗaya daga cikin fitattun misalanta a ƙasarmu aka yi shi. A 2008 Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer suka ɗauki yara sama da 2,000 da suka ci jarabawar shiga babbar sakandare amma rashin kuɗi ya hana su tafiya, aka jefa ƙuri'a, kimanin kashi ɗaya cikin uku suka samu tallafin karatu, sannan aka bi rayuwar ɓangarorin biyu shekara da shekaru. Da yake ƙuri'a ce ta raba su, duk bambancin da ya bayyana daga baya za a iya jingina shi ga karatun. An ga waɗanda suka samu tallafi sun fi kammala makaranta da tazara mai faɗi, kuma amfanin ya fi fitowa a wajen 'yan mata, wajen ci gaba zuwa manyan makarantu da jinkirta haihuwar da ba a shirya ba. Duflo da Kremer suna cikin ukun da aka ba lambar Nobel a 2019. Lokacin da aka fara karatun sakandare kyauta a Satumban 2017, irin wannan bincike ne ya ba masu muhawara abin riƙewa wanda ya wuce ra'ayin jam'iyya.

Me ya sa gwamnati, ba kasuwa ba

Tattalin arziki ne da kansa ya ba da amsar tambayarka ta uku. A 1957 Robert Solow ya duba yadda abin da ma'aikaci ke samarwa cikin awa ɗaya ya ninka a Amurka tsakanin 1909 da 1949, ya tarar cewa ƙarin injuna da gine-gine bai bayyana fiye da kimanin kashi ɗaya cikin takwas na wannan ci gaba ba, sauran bakwai ɗin daga ingantuwar dabara da sani suka zo. Daga nan Richard Nelson a 1959 da Kenneth Arrow a 1962 suka nuna dalilin da ya sa kasuwa ita kaɗai ba za ta biya kuɗin binciken tushe yadda ya kamata ba. Kai ɗan kasuwa ne, za ka gane shi nan take. Idan ka sayar da batir ya bar hannunka, wanda ya saya shi kaɗai zai mora. Amma idan ka gano dabarar farfaɗo da batirin da ya mutu, ranar da yaron shagonka ya gani ya koya, gobe maƙwabcinsa ya koya, kafin shekara ta zagayo duk layin sun iya, kai da ka ɓata wata shida da kuɗinka wajen gano ta ba ka da hanyar karɓar lada daga kowannensu. Idan aka ƙara da cewa ribar na iya ɗaukar shekara 22 kamar tiransista ko 43 kamar leza, babu ɗan kasuwa mai hankali da zai zuba jarinsa a nan. Amfanin na kowa ne, don haka sai aljihun kowa, wato baitulmali. Haka aka yi da koko: babu manomi guda da zai iya ɗaukar nauyin binciken cutar kumburin reshe da ta addabi gonaki, shi ya sa aka kafa cibiyar bincike a Tafo a 1938.

Sai dai wannan hujja tana da kaifi biyu, kuma na tabbata ka riga ka hango na biyun. Idan ilmi yana yaɗuwa kyauta haka, me zai hana mu bar masu kuɗi su biya, mu mu jira mu ɗauka? Amurka ta ware kimanin dala biliyan 1.2 ga kwantum a dokar da ta yi a 2018, Tarayyar Turai ta ware yuro biliyan 1 na shekara goma a wannan shekarar, Birtaniya ta sanar da fam biliyan 2.5 a 2023. Mu kuwa a Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100, a Mayun 2023 muka shiga shirin rancen dala biliyan 3 na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Wanda ya ce mu shiga tseren gina kwamfutar kwantum da waɗannan ƙasashe bai yi wa talakan ƙasar nan adalci ba, kuma ba na goyon bayansa.

Amma ɗaukar ilmi ba kyauta ba ce kamar yadda ake zato. Wasu masana biyu, Wesley Cohen da Daniel Levinthal, sun nuna a 1990 cewa kamfanin da ba ya yin nasa binciken ba ya ma iya gane amfanin binciken wasu, balle ya yi aiki da shi. Magazin ta fi kowane littafi bayyana wannan. Ka tuna lokacin da motoci masu kwamfuta suka fara cika gari. Ilmin gyaransu yana nan a rubuce, na'urar binciken lahani tana sayuwa, amma manyan masu gyara da suka shekara talatin suna gane ciwon inji da kunne sai suka tsaya cirko-cirko, aiki ya koma hannun 'yan ƙalilan da suka san lantarki. A 2020 da annobar korona ta shigo, Gana ta iya fara gwaji da wuri ne domin akwai cibiyar Noguchi a Legon tun 1979 da cibiyar binciken cututtuka ta KCCR a nan Kumasi, da mutanen da suka shekara suna aikin gano ƙwayoyin cuta tun babu wanda ya san za a wayi gari ana neman su ido rufe. Ba ranar farauta ake kiwon kare ba. Abin da ƙasa irin tamu take saye da kuɗin bincike shi ne mutanen da za su iya karanta abin da duniya ta gano, su tantance na gaske da na bogi, su zauna gaban mai tallar na'ura ko mai ba da rance su yi masa tambayar da ta dace.

Abin da tarihinmu ya nuna

Wannan jayayya ta girmi ɗanka, ta kusa girmar ni da kai. Da aka samu 'yancin kai a 1957, Kwame Nkrumah ya ɗauko Arthur Lewis, masanin tattalin arziki ɗan tsibirin Sant Lusiya, ya zama mai ba shi shawara. Ba su kai shekara biyu tare ba suka rabu a 1958, domin Lewis yana ganin ana shirin zuba kuɗi a manyan ayyukan da ba za su mayar da abin da aka kashe ba. Nkrumah ya ci gaba da nasa hangen: aka kafa Hukumar Makamashin Nukiliya a 1963, ya aza harsashin tukunyar nukiliya a Kwabenya a Nuwamban 1964, juyin mulkin 1966 ya tsayar da aikin, ba a samu tukunyar bincike ba sai a tsakiyar shekarun 1990, ƙarama mai kilowat 30 da aka samo daga ƙasar Sin. A ganina kowannensu yana da rabon gaskiya. Lewis ya yi daidai cewa dole a auna kowane sidi da abin da zai iya yi a wani wurin, Nkrumah kuma ya yi daidai cewa ƙasar da ba ta da masana nata za ta dawwama tana sayen shawara. Asarar da ta fi zafi ita ce ta tsayawa da tashi, domin kusan shekara talatin aka rasa. A 1966 ɗin da muka tsaya ne Koriya ta Kudu ta kafa babbar cibiyarta ta kimiyya da fasaha, ba ta kuma saki ba, yau tana kashe sama da kashi 4 cikin 100 na arzikin da take samarwa a kan bincike. Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin kashi 1 tun a taron Legas na 1980, mu kuwa ƙididdigar da aka saba kawowa ta nuna ba mu kai rabin haka ba. Wannan ƙaramar tukunya ta Kwabenya, da ita ake auna sinadarai masu guba a ƙasa da ruwa da abinci, aikin da ɓarnar galamse, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba, a kogunanmu ta sa ya zama na gaggawa.

Ka kuma san cewa ɗanka ba baƙo ba ne a wannan hanya. Marigayi Farfesa Francis Allotey, haifaffen Saltpond a 1932, ya yi digirin digirgir a Princeton a 1966, aikinsa a kan yadda ƙarafa ke fitar da wani nau'in haske ya sa har yau ana kiran wata hanyar lissafi da sunansa, ya dawo ya koyar a jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, ya kasance cikin waɗanda suka shigo da karatun kwamfuta ƙasar nan, ya rasu a 2017. Binciken nasa na kwantum ne zalla, amma abin da ƙasa ta fi mora shi ne ɗaliban da ya horar da cibiyoyin da ya tsaya aka kafa. Kuma Gana ce ta gabatar wa Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya daftarin ƙudurin da ya sa a watan Yunin 2024 aka ayyana 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantum ta duniya. Na yi alfahari da hakan, sai dai alfaharin zai cika ne ranar da asusun bincike na ƙasa da aka yi wa doka a 2020 ya zama abin da matashin malami zai iya dogara da shi kowace shekara.

Ina faɗin haka ne daga abin da na gani. Na taɓa aiki a wani ɗakin gwaji inda aka kawo mana na'urar awon haske mai tsada a matsayin gudummawa, aka yi bikin karɓa, bayan 'yan watanni ɗauke wuta da dawowarta da ƙarfi suka ƙone wani ƙaramin sashe a cikinta. Kuɗin sashen bai kai na tayoyin mota huɗu ba, amma babu layinsa a kasafi, na'urar ta yi kusan shekara biyu a rufe da leda, ɗalibai biyu suka sauya batun bincikensu. Daga baya na zauna a wani kwamitin tantance buƙatun tallafin bincike, na ga yadda ake saurin amincewa da sayen sabon abu da ake iya ɗauka hoto, ana jan ƙafa wajen albashin mai kula da na'ura da kuɗin abincin ɗalibi. Tun daga nan ra'ayina ya tsaya a kan cewa kuɗi kaɗan da ba ya yankewa ya fi kuɗi mai yawa da ke zuwa sau ɗaya, kuma abin da ya dace da aljihunmu a kwantum shi ne ɓangaren nazari da lissafi, da kimiyyar haske, da na'urorin awo, da tsaron bayanai, waɗanda yawancinsu allo da kwamfuta da malami nagari suke buƙata.

Shawarata gare ka

Ni malamin fiziks ne, tattalin arziki karanta shi na yi da zama da masu shi, don haka ka haɗa maganata da ta wani masanin fannin. Kuma ban zauna da yaron ba, kai ka san haƙurinsa da naciyarsa, waɗanda su ne jarin mai bincike fiye da kaifin ƙwaƙwalwa. Ba zan yi maka alkawarin aiki yana jiransa ba, domin guraben koyarwa a jami'o'inmu kaɗan ne, kuma akwai yiwuwar karatun ya fitar da shi waje ya daɗe. Abdus Salam na Fakistan, wanda ya karɓi lambar Nobel a 1979, shekarar da Lewis ya karɓi tasa, ya koma gida Lahor bayan karatunsa, kaɗaicin rashin abokan aiki ya sa ya sake fita, kuma wannan ciwo ne ya sa ya kafa cibiyar nazarin fiziks a Tiriyeste ta Italiya a 1964 domin masanan ƙasashe matalauta su riƙa zuwa suna komawa gida. Matsalar ba ta gushe ba, amma intanet da irin waɗannan cibiyoyi sun rage ta. Daga cikin ɗaliban da suka bi ta hannuna akwai masu koyarwa, akwai masu lissafin haɗari a banki da kamfanonin inshora, akwai masu auna ƙarfin hasken da ake gasa ciwon daji da shi a asibiti, aikin da ake yi a asibitocin Komfo Anokye da Korle Bu.

Idan ka ga ya dage, ka tambaye shi wane malami ne zai duba aikinsa, kuma ina ɗaliban da malamin ya yaye suke yanzu. Ka tambaye shi wa zai biya. A wannan fanni karatun digirgir na ƙwarai yakan zo da tallafin da ke ɗaukar kuɗin makaranta da na zama, saboda haka kada ka taɓa jarin shagonka ko ka ci bashi dominsa. Idan babu mai ɗaukar nauyi, ya jira zagaye na gaba yana aiki. Ya nemi gurbi a cibiyar lissafi ta AIMS, wadda aka buɗe reshenta na Gana a Biriwa a 2012, tana ba da digiri na biyu na shekara ɗaya da cikakken tallafi, ya kuma nemi shirin difloma na cibiyar Tiriyeste. Ka sa masa sharaɗin cewa duk inda ya je sai ya ƙware a rubuta manhajar kwamfuta da ilmin ƙididdiga, ya ɗauki darasi ko biyu na tattalin arziki, domin su ne za su riƙe shi idan hanyar bincike ta ƙuntata.

Kafin duk wannan, ka kira shi shago ranar da ciniki ya lafa, ka ɗauko mataccen akwatin kwamfutar mota ku buɗe shi tare, ka ce ya bayyana maka da Hausa abin da ke faruwa a cikin waɗannan ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi, da kuma takamaiman tambayar da yake son ya shafe shekaru yana neman amsarta. Ka lura ko ya iya saukar da maganar har ka kama zarenta, ka lura kuma ko idan ka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa yana iya cewa bai sani ba tukuna. In ka ga waɗannan biyun a tare da shi, ni a wurina ya cancanci albarkar da yake nema. Allah ya yi masa jagora, ya ƙara wa kasuwa albarka.